Farautar Ajiya da Wayar Hannu: Ta Ina Sabon Shiga Zai Fara?

A ƙasashe sama da 190 na duniya akwai robobi da gwangwanaye da ƙananan akwatuna fiye da miliyan 3 da mutane suka ɓoye da gangan, wasu a kogon bishiya, wasu a ƙarƙashin bencin lambu, wasu a bayan allon kan hanya, sannan suka sanar wa duniya inda suka ajiye su. Babu kuɗi a ciki, babu zinariya. Yawanci 'yar takarda ce ta sa hannu, wani lokaci tare da tarkacen wasan yara. Wanda ya gano ɗaya sai ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da ita yadda ya same ta, ya kama gabansa. Wannan shi ne wasan geocaching, wanda zan riƙa kira farautar ajiya. Kayan aikinsa na cikin aljihun kusan kowane matashi a yau. Sai dai duk wanda ya shige shi da zaton waya ce za ta yi masa aikin, to zai watsar tun a fitar farko, kuma wannan ne ya sa na ga ya kamata a yi wa sabon shiga bayani tun daga tushe.

Wasan yana da ranar haihuwa sananniya. Tsarin GPS mallakar rundunar sojan Amurka ne, kuma shekara da shekaru gwamnatin ƙasar tana gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, ta yadda na'ura kan iya kauce wa wuri da kusan mita 100. A farkon watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, aka kuwa daina a ranar 2 ga wata. Dare ɗaya kuskuren ya ragu kusan ninki goma. Washegari, 3 ga Mayu, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya kai shi daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Ya zuba littattafai da kaset ɗin bidiyo da 'yan kuɗi da danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya haɗa da littafin sa hannu, ya wallafa lambobin wurin a intanet don ya ga ko wani zai iya kai kansa can. Cikin 'yan kwanaki wani mai suna Mike Teague ya gano shi. A watan Satumbar shekarar wani mai suna Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal, kuma har gobe kamfanin da ke tafiyar da shi yana birnin Seattle. Ɗaya daga cikin ajiyoyin wancan watan na Mayu, wadda ake kira Mingo a jihar Kansas, tana nan ana zuwa mata. Ita kanta ɗabi'ar ɓoye abu don baƙo ya nemo ta girmi tauraron ɗan adam: tun a 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a dajin Dartmoor na Ingila don masu yawon ƙafa su riƙa barin katinsu a ciki.

Na kawo tarihin ne don abu ɗaya. An ƙirƙiri wasan don a gwada iyakar na'ura, kuma iyakar nan tana nan har yanzu.

Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Wayarka tana sauraron saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa inda kake. Wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskuren kan tsaya a 'yan mitoci, kamar uku zuwa biyar. A ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, ko tsakanin dogayen benaye, ko a gindin dutse, saƙon kan bugi wani abu ya karkato kafin ya shiga wayar, sai kuskuren ya ƙaru. Ga kuma abin da sabon shiga ba ya kawowa a ransa: wanda ya ɓoye ajiyar shi ma da na'ura ya ɗauki lambobin, ita ma tana da nata kuskuren. Idan aka haɗa naka da nasa, wurin da wayarka ta ce ka iso na iya zama taku goma ko fiye daga inda abin yake. Waya kamar ɗan acaɓa ce da ya sauke ka a bakin layi. Gano ƙofar gidan naka ne.

Shi ya sa za ka ga sabon shiga ya kafe ido a kan allo, kibiya ta ce mita 4 hagu ya bi, ta juya ta ce mita 6 dama ya dawo, yana ta zagaye wuri ɗaya har ya gaji. Ba lalacewa wayar ta yi ba, iya ƙoƙarinta ke nan. Da zarar nisan ya sauko ƙasa da mita 10, ka saka ta a aljihu ka ɗaga kai.

Kafin a kai ga nan akwai shiri, kuma ba shi da yawa. Ana yin rajista kyauta a Geocaching.com, mutum ya zaɓi laƙabin da zai riƙa sa hannu da shi. Manhajar kamfanin ta waya tana nuna wa wanda bai biya ba ajiyoyi masu sauƙi, sauran sai mai biyan kuɗin shekara. Masu wayar Android suna da wata manhajar kyauta mai suna c:geo, wadda 'yan sa-kai suka haɗa. Ban ga dalilin da sabon shiga zai biya ko sisi ba kafin ya tabbatar wasan ya shiga ransa. Shi kansa GPS ba ya cin data. Taswira da shafin ajiyar ne ke buƙatar intanet, don haka in za ka wurin da babu sabis, ka adana bayanan tun daga gida.

Lambobin wurin ma sun cancanci a tsaya a kansu, don a nan ake yin ɓatan da ya fi kowanne nisa. Lamba ta farko tana faɗin yadda wuri ya yi arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, ta biyu kuma yadda ya yi gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Birnin Kano, alal misali, yana wajen digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas. Masu wannan wasa suna rubuta digiri, sai minti tare da lambobi uku bayan ɗigo. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma daga kudu zuwa arewa mita 1,852 ne, saboda haka lambar ƙarshe ta bayan ɗigo ba ta kai mita 2 ba. Wasu taswirorin kuwa digiri kawai suke rubutawa da ɗigo, babu minti. Wanda ya ga digiri 12 da minti 30 ya shigar da shi a matsayin 12.30 maimakon 12.5, ya kauce da kimanin kilomita 22. In manhaja ce ke jagorantarka kai tsaye ba ka da wannan damuwa, amma ranar da za ka kwafi lambobi da hannu, ka duba tsarin sau biyu.

Sai zaɓen ajiyar farko, wanda a ganina shi ke yanke hukuncin ko mutum zai ci gaba ko zai bari. Kowace ajiya tana da maki iri biyu, daga 1 zuwa 5. Na farko yana nuna wahalar gano ta, na biyu wahalar isa wurin. Maki 1 a hanya na nufin ko mai keken guragu zai iya kaiwa. Maki 5 na nufin sai da kayan aiki na musamman, kamar igiyar hawan dutse ko kwalekwale ko kayan nutso. Ka tsaya a maki 2 zuwa ƙasa ta kowane ɓangare. Ka kuma duba girma. Akwai 'yan mitsi-mitsi da ba su kai mililita 100 ba, wasu ma ba su wuce kan ɗan yatsa ba, akwai ƙanana, daga nan zuwa lita ɗaya, akwai matsakaita har lita 20, irin su tsohon akwatin harsashi na soja, sai manya. A cikin birane 'yan mitsi-mitsin sun fi yawa, kuma su ne suka fi karya gwiwar sabon shiga, don idonsa bai saba da su ba. Ka nemi ƙarama ko matsakaiciya, irin ta gargajiya wadda lambobin da aka wallafa su ne ainihin wurinta.

Abu na uku ya fi biyun farko muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: karanta rahoton waɗanda suka riga ka zuwa. A ƙasan kowane shafi akwai abin da masu nema suka rubuta. In mutum uku ko huɗu na ƙarshe duk sun ce ba su samu ba, da alama ajiyar ta ɓace, kada ka ɓata yammacinka a kanta. In an same ta a makon jiya, tana nan. A cikin rahotannin za ka riƙa cin karo da gajerun haruffa: DNF na wanda ya nema bai samu ba, TFTC na godiya ga mai ajiya, FTF na wanda ya riga kowa ganowa. Mai ajiya kan bar hannunka-mai-sanda, a rubuce da haruffan da aka gusar da kowannensu gurbi 13 don kada a karanta ba da niyya ba. Taɓawa ɗaya a manhaja take warware shi. Babu abin kunya a karanta shi tun kafin a fita.

To, ka iso, waya tana aljihu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: da ni ne zan ɓoye abu mai wannan girman a nan, ina zan saka shi? Ka nemi abin da bai dace da wurin ba. Itatuwa da aka jera a gindin bishiya, alhali iska ba ta jera itace. Duwatsu uku da aka tara a inda babu wasu. A cikin gari, ƙarfe ne abin lura, domin yawancin 'yan ƙananan suna da maganaɗisu a jiki, ana manna su a ƙasan benci, ko bayan allo, ko cikin lungun shingen ƙarfe. Akwai masu sayen dutsen roba mai rami a ciki, akwai masu ƙera noti na bogi da ake kwancewa a tarar da takarda a nannaɗe. Ka canja tsayuwa, ka tsuguna, ka zagayo ta ɗaya gefen. Abin da ido bai gani daga gabas ba sau da yawa a fili yake daga yamma. Wata ƙa'ida za ta rage maka wahala: ba a binne ajiya. Dokar shafin ta hana tona ƙasa, ko wajen ɓoyewa ko wajen nema, haka kuma ba a ɓalle wani abu ko a farfasa. In ka ga sai ka lalata wuri kafin ka kai gare ta, ba nan take ba. Kuma kada ka zura hannu a ramin da idonka bai ga cikinsa ba. Tocila da ɗan sanda sun isa, maciji da kunama ma irin waɗannan wuraren suke so.

Daga lokacin da ka riƙe robar a hannunka, magana ta koma ta amana. Babu mai gadi, babu kyamara, mai ajiyar wataƙila yana wata unguwa ko wani gari, ya bar kayansa a fili bisa yardar cewa baƙon da bai taɓa gani ba zai mutunta su. Wannan ne ya fi burge ni a wasan gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ke saurin lalacewa. Ka sa hannu. In ka ɗauki wani abu, ka ajiye wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Kada ka saka abinci ko alewa ko wani abu mai ƙamshi, dabbobi za su farfasa robar. Kada ka saka wuƙa ko ashana ko magani, yara ma suna wannan wasa. Ka rufe murfin da kyau, don takardar da ruwa ya jiƙa ta tashi daga aiki. Sannan ka mayar da ita daidai inda ka ɗauko, ko da kana ganin ka san wurin da ya fi. In kowane mai nema ya gusar da ita taku ɗaya, kafin shekara ta zagayo lambobin sun zama ƙarya.

Wani lokaci za ka tarar da ɗan ƙarfe mai lamba a jiki, ko wani abu mai kama da tsabar kuɗi. Waɗannan ba na musaya ba ne, matafiya ne. Tun 2001 aka fara sakinsu, kowanne da mai shi da kuma burin da aka ɗora masa, wani a kai shi wata nahiya, wani ya zaga garuruwan bakin teku. Wanda ya ɗauka ya ɗauki nauyin shigar da lambar a shafi da kuma sauke shi a wata ajiyar ba da jimawa ba. In ka san ba za ka iya ba, ka bar shi a inda yake.

In ka koma gida ka rubuta rahoto, ko ka samu ko ba ka samu ba. Mutane suna jin nauyin rubuta cewa sun nema sun rasa, alhali ta wannan rahoton ne mai ajiya ke sanin lokaci ya yi da zai je ya duba. Kada kuma ka saka hoton da zai tona maɓoyar.

Akwai batun idon jama'a. Masu wasan suna kiran wanda bai san da shi ba muggle, sunan da suka aro daga littattafan Harry Potter, kuma suna ƙoƙarin kada irinsa ya ga inda ake ciro ajiya, don kada ya ɗauke ta bisa rashin sani. Amma kaffa-kaffa daban, abin zargi daban. A watan Yulin 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby a Ingila na wasu sa'o'i, aka kira masu kwance bam suka tarwatsa wata roba, saboda an ga wani mutum yana ajiye ta a ɓoye kusa da shaguna. Ajiyar wasa ce. In ɗan sanda ko mai gadi ko mai shago ya tambaye ka abin da kake yi, ka faɗa masa gaskiya, ka nuna masa manhajar. In wurin bai kwanta maka a rai ba, ka tafi.

Sauran nau'o'in za su zo daga baya. Akwai mai matakai, inda wuri na farko ke ba ka lambobin na biyu. Akwai mai wasa ƙwaƙwalwa, wadda sai ka warware wata matsala kafin ka san ainihin lambobin. Akwai EarthCache, da aka fara a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu da ƙasa ta Amurka, wadda babu roba a cikinta sam: za ka je wurin ne ka duba yanayin dutse ko kogi ko ƙasa, ka amsa tambayoyi. Tun 2002 kuma masu wasan ke shirya gangamin kwashe shara a wuraren da suke nema. Wasan ya kai har tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda wani mai suna Richard Garriott ya bar ajiya a 2008.

Kwaɗayin ɓoye taka zai zo da wuri, kuma gara ka danne shi. Masu shafin da kansu suna ba da shawarar mutum ya gano aƙalla 20 kafin ya ɓoye ɗaya. Dole sabuwar ajiya ta yi nisan mita 161 daga kowace, dole a sami izinin mai wurin, ba a yarda da harabar makarantu da barikin soja da gefen layin dogo ba, ba a kuma yarda a mayar da ita hanyar talla ko yaɗa wata manufa ba. Wani ɗan sa-kai ne zai duba duk wannan kafin a wallafa. Bayan haka kula da ita na wuyanka muddin tana nan. Ajiya mai kyau ita ce wadda ta kai mutum wurin da zai ji daɗin ganinsa ko da bai sami robar ba, kamar tsohuwar rijiya mai tarihi ko kan tudun da ake hango gari. Roba a bayan juji ba ta ƙara wa kowa komai.

Mai karatu zai so ya san ko wannan duka ya shafe shi. Ya danganta da inda yake zaune. Amurka ce kan gaba a yawan ajiyoyi, Jamus na biye mata, kuma a yawancin biranen Turai da wuya ka yi tafiyar minti goma a ƙafa ba ka wuce ɗaya ba. Ɗalibinmu da ke karatu a Ingila ko Jamus ko Faransa zai iya farawa yau da yamma, kuma ban san wata hanya mai arha da ta fi wannan saurin sanar da baƙo lungunan garin da yake zaune ba. A arewacin Nijeriya da Nijar kuwa taswirar kusan fayau take, kuma dalilin ya wuce rashin sanin wasan. A wurinmu, wanda aka gani yana cusa kwalba a kogon kuka ko gindin tsamiya, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne asiri ake binnewa. Shekarun tashin bama-bamai kuma sun koya wa jama'a tsoron duk wani ƙunshi da aka ajiye aka tafi, kuma suna da gaskiya. Ga dazuzzukan da a yanzu ba a shiga saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya kwaso wasan yadda ake yinsa a Oregon ya dire shi a nan ba tare da la'akari da waɗannan ba, zai jefa kansa da wasu cikin hatsari.

Hanyar da nake ganin za ta ɓulle ita ce a fara a fili, da sanin kowa. Malamin labarin ƙasa zai iya ɓoye robobi biyar a harabar makaranta da izinin shugabanta, ya raba wa ɗalibai lambobin a takarda ba tare da ya wallafa a ko'ina ba; a darasi ɗaya za su fahimci digiri da minti fiye da yadda allo zai koya musu a zango guda. Wanda ke son wallafa ta gaske ya nemi wuri mai shinge da mai shi, ya sanar da mai gadi da mai unguwa, ya yi amfani da roba mai nuna abin da ke ciki, ya rubuta bayani da Hausa a jikinta tare da yadda za a same shi. EarthCache wadda ba ta buƙatar roba kuwa ta fi kowacce dacewa da mu, ga Dutsen Dala a Kano, ga Kufena a Zariya, ga Zuma a hanyar Abuja, kowanne da abin da zai koyar game da yadda ƙasa ta samu.

In kana wurin da akwai su, ka buɗe taswirar ka zaɓi mafi kusa mai maki 2 ko ƙasa da haka, wadda aka samu kwanan nan. Ka fita da rana, ka ja aboki ko ƙanenka, don ido huɗu sun fi biyu, ka kuma faɗa wa wani a gida inda za ku. Ka cika batirin waya, ka ɗauki ruwan sha da matsefata ta zaro takarda daga 'yan mitsi-mitsin. Kada ka manta da biro: ƙananan ajiyoyi ba su da wurin saka abin rubutu, kuma mai ajiya yana da ikon share rahoton duk wanda bai sa hannu a takardar ba.